Kawu, laccar tsuntsayen da na yi ta Zoom ta watse, Yaya kuma ya ce in ji kunya

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Mai Wurno ne, amma tun da rikici ya iso yankin Sinnar a daminar 2024 muka taso zuwa Gadarif, muna zaune a gidan yayana. Aikin gona na karanta a jami'a, kuma tun ina yaro nake son kallon tsuntsaye a bakin kogi. Akwai 'yan uwa Hausawa da muka haɗa ƙungiyar masu wannan sha'awa, wasu a nan Gadarif, wasu a Kasala da Damazin, wasu sun tsallaka Jidda. Yawanci matasa ne, sai 'yan dattawa manoma. Da haɗuwa ta yi wuya, suka ce in riƙa yi musu bayani ta intanet sau ɗaya a wata.

Na yi na farko, ban ji daɗinsa ba. Na kwana ina shirya hotuna hamsin da sunayen kimiyya a kan ƙaurar tsuntsaye. Mutum talatin suka shigo, kowa ya rufe kyamara, ba na ganin fuska, ba na jin motsi. Na kunna kukan tsuntsu, ashe ba wanda ya ji. Sau biyu zaman yana yankewa. Da na ƙare saura mutum shida. Cikinsu wani Alhaji, sa'an mahaifina, ya ce: "Yaro, duk wannan mun ji. Jan baki da ke cinye mana dawa fa, me za mu yi masa?" Na rasa ta cewa, na ce ba shi ne darasin yau ba. Tun ranar bai ƙara magana a ƙungiya ba.

Abin da ya fi ci min rai, Yaya ya ji ni ta taga, ya ce mutane na kwana a makarantu ba abinci, ni kuma ina ƙona data a kan tsuntsu, in ji kunya. Zama na biyu ya matso. In ba su haƙuri in janye ne, ko yaya zan yi?

Ɗanka, daga Gadarif.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da ku gida lafiya.

Kada ka janye. Amma kafin ka taɓa kwamfuta ko ka nemi wani hoto, akwai bashin da ke kanka, kuma na Alhaji ne.

Duba dai abin da dattijon nan ya yi. Zama ya yanke sau biyu, sau biyun ya koma ya shigo. Matasa sun zame, shi ya zauna har ƙarshe da datarsa da cajin wayarsa, sannan ya yi tambaya. A cikin mutum talatin shi ne ya fi ba ka girma. Amsar da ka ba shi kuwa irin wadda malami ke ba ɗan aji uku ce, kuma a gaban yara. Na san ruɗewa ce ta sa, ba raini ba, amma shi ba ruɗewarka ya ji ba. Kada ka ba shi haƙuri ta saƙo a cikin ƙungiya. In a Gadarif yake, ka je ƙafa da ƙafa bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce "Baba, ranar nan na yi maka amsar da ba ta dace ba." In yana nesa ka kira shi. Daga nan sai ka juya tambayar: a wane wata jan baki ke sauka a gonarsa, ta wace kusurwa yake bullowa, ina yake kwana, wace irin dawa ya fi afka wa, wacce yake tsallakewa. Ka rubuta duk abin da ya faɗa. Sannan ka roƙe shi ya yarda zama na biyu ya zama na jan baki, shi ya buɗe da minti biyar, kai ka ɗora.

Kuma kana da abin ɗorawa, wanda shi daga bakin gonarsa ba zai iya gani ba. Wannan ɗan tsuntsu da nauyinsa bai wuce giram 20 da 'yan kai ba, shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, an ƙiyasta shi wajen biliyan 1.5, kuma duk a Afirka. Asalin abincinsa ba dawa ba ce, 'ya'yan ciyawar daji ne. Ruwan farko na sauka, waɗannan 'ya'ya su tsiro, abincinsa ya ɓace a dare ɗaya, dole ya tashi zuwa inda ruwa ya riga sauka har ciyawa ta fitar da kai. Haka yake bin damina gaba da baya. Inda ya samu wadata sai ya kafa sheƙa dubbai a cikin itatuwan ƙaya, ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana goma ko kusa da haka, kafin wata ya cika 'ya'yan sun tashi. Waɗannan sabbin tashi su ne ke yin kaso mai yawa na ɓarnar da manomi ke kuka da ita, musamman lokacin da ƙwayar dawa ke da ruwa-ruwa ba ta bushe ba. Shi ya sa gonar da ta nuna ita kaɗai, kafin na maƙwabta ko bayansu, ita ke ɗaukar duka, gonar da ciyawa ta cika ta kuwa kiran tsuntsun take yi, haka wadda ke kusa da ruwa da makwancinsu. Shuka a lokaci guda tare da maƙwabta, nome da wuri, zaɓen irin da ke da gashi a kai ko ɗan ɗaci, da girbi ba jinkiri, ba sa korar jan baki daga duniya, amma suna rage rabon kowane mutum na asara.

Za a tambaye ka feshi, don manoman Gadarif sun saba ganin jirgi na bin makwancin tsuntsayen da magariba. Faɗi gaskiya: maganin da aka daɗe ana amfani da shi, fenthion, yana kashe su da yawa a wuri guda, amma shekaru da dama ana yi yawansu a nahiyar bai karye ba. Yana kuma kashe shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar, kuma bai kamata yara su tsinci tsuntsun da aka yi wa feshi su kai tukunya ba. A yankin Tafkin Chadi da taru ake kama su da dare, a soya a kai kasuwa. In Alhaji ya ce duk wannan bai isa ba, ka ce masa ya yi gaskiya, ba wanda ke da maganin da ya isa. Dattijo na yafe wa yaron da ya ce "iyakar sanina ke nan", wanda ba ya yafewa shi ne mai kauce masa.

To, sai laccar kanta. Matsalarta ba tsoro ba ne, ba kuma rashin ilimi ba. Ka tara masunta ne kana koya musu sunan kifi. Mutanen da kakanninsu suka zauna bakin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi noman auduga a Jazira, suka yi dawa da riɗi a Gadarif, ba su jira jami'a ta nuna musu belbela ko gauraka ko zalɓe ba. Sun san kukansu, sun san lokacin zuwansu. Abin da ba su sani ba shi ne inda tsuntsun ke tafiya idan ya ɓace musu. Wannan kaɗai ka riƙe, ya ishe ka zama goma sha biyu.

Ɗauki shamuwa. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san in ta sauka a kan bishiyar tsakar gari, lokacin gyaran gona ya yi, kuma ba a jifanta. Amma mutum nawa a ƙungiyarku suka san cewa in ta bar mu bayan damina, gabashin Afirka take bi ta gangara har su Zambiya da Zimbabuwe, ta cinye daminar can tana kiwon fara da tsutsa, sannan ta juyo? Tsuntsuwar da ba ta san rani ba ke nan. Ko kuma farar shamuwa da ke zuwa mana daga Turai da kaka. Ita ba ta iya dogon kaɗa fiffike, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa take hawa ta yi ta shawagi, kuma wannan iska ba ta tashi a kan teku. Don haka ba ta yanke Bahar Rum kai tsaye, sai ta zagayo ta Istanbul, ta bi ƙasashen Sham da Sinai, ta kamo Nilu har zuwa gonakinku. A 1822 aka harbo wata a arewacin Jamus da mashin Afirka cake a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. A lokacin har akwai masu ilimi a Turai da ke zaton wasu tsuntsaye cikin laka suke shigewa su yi barci in sanyi ya zo. Mashin wani mafarauci na wannan nahiya ne ya nuna musu inda take zuwa, kuma har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Ka ba da wannan labari da bakinka, da Hausa, ka gani ko za a tashi a bar ka.

Saboda haka tsuntsu ɗaya a kowane zama, bayani na minti ashirin, sauran lokaci na jama'a. Hotuna shida sun isa, kuma kada ka dogara da nuna su kai tsaye. Tura su tun da rana ta WhatsApp, kowanne da lambarsa, in kana magana ka ce "ku buɗe hoto na uku". Sunan kimiyya ba a hana ba, amma wurinsa saƙon rubutu bayan an tashi, don masu son shigar da abin da suka gani a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ko su nemi tsuntsun a Merlin, manhajar gane tsuntsaye. Hoton da ba kai ka ɗauka ba, ka ambaci mai shi.

Batun kukan da ba a ji ba, ba a kanka aka fara ba. Zoom na tace ƙarar da ba muryar mutum ba don ya gyara magana, kukan tsuntsu kuwa a wurinsa hayaniya ce. In daga kwamfuta za ka kunna, sai ka danna wurin raba sauti lokacin da kake raba allo. Ni dai da zan ba ka shawara, ka bar wannan wahala, ka sauko da kukan daga xeno-canto, shafin da ake tara kukan tsuntsaye, ka tura shi tare da hotunan, kowa ya saurara a wayarsa. Har kacici-kacici za ka iya yi da shi: ga kuka, wa zai faɗi mai shi kafin dare? Yankewar nan biyu ma, ina zargin ɗaya ba laifin layi ba ne. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya rufe zama, Google Meet na kyauta kuma awa ɗaya ga taron jama'a. Wanda ya jera hotuna hamsin dole ya ci karo da wannan iyaka.

Ka nemi mataimaki, kuma ka neme shi cikin 'yan Jidda, inda wuta da intanet ke zaune. Shi zai buɗe zauren, ya rufe makirufon da aka manta a buɗe, ya tattara tambayoyin da aka rubuta. In layinka ya faɗi, zaman bai mutu ba, sai ya ce "kafin malam ya dawo, wa ya ga shamuwa bana?" Ka riƙa sanar da lokaci da agogo biyu, don Jidda na gaban Sudan da awa ɗaya. Bayan isha'i ya fi, kuma in kaka ta kama, girbin riɗi da na dawa sun fi ƙarfin kowace lacca, ka rage zaman ko ka ɗaga.

Yanzu ga mutum ashirin da huɗun da kake ƙirgawa a matsayin waɗanda suka guje ka. Ka san ƙasar da kake ciki. A Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan duk Sudan, wasu yankunan suka yi makonni da watanni a haka, har mutane suka koma sayen awa ɗaya ta Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, a kasuwa. A Yulin 2025 hukumar sadarwa ta sanar da toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp, ta bar saƙonni. Wani cajinsa ne ya ƙare, wani datarsa, wani an kira shi ɗebo ruwa. Rufe kyamara kuma ba wulaƙanci ba ne. Bidiyo na shan data, sannan mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da iyali goma, ko a ajin makaranta, ba ya son a ga bayansa. Kai ma ka rufe taka bayan gaisuwa. Shirun da ya firgita ka, maganinsa shiri ne tun kafin zama: ka kira mutum uku, ɗaya daga Kasala, ɗaya daga Damazin, ɗaya cikin mata in akwai su, ka gaya wa kowa tambayar da za ka yi masa, don ya zo da amsarsa. Bahaushe ba ya tsoma baki a taron da ba a kira sunansa ba, balle in akwai manya. "Akwai mai tambaya?" ba ta tayar da kowa. "Malam wane, a wajenku yaushe take zuwa?" ita ke buɗe baki.

In ka bi ta tawa ma, bayanin gaba ɗaya ka ɗauke shi a saƙon murya, gutsure huɗu ko biyar na minti huɗu-huɗu, ka tura kwana ɗaya kafin zama. Wanda sabis ya zo masa ƙarfe biyun dare zai saurara, ya kuma tura wa wani. Zaman kai tsaye ya zama na hira da tambaya kawai. A nan ko mutum shida suka zo, an yi zama.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan rufe baki a kansa ba. Kai ne mai magana, abin da ka ce a yi shi matasa za su yi. Kada ka kuskura ka ce wa kowa ya ɗauki madubin hangen nesa da kyamara ya tafi madatsar Sinnar, ko ta Rusairis, ko ta Khashm al-Girba, ko gindin wata gada, wai don can tsuntsayen ruwa ke taruwa. Can ɗin suke taruwa, gaskiya ne, amma a wannan zamani saurayi mai leƙen madatsa da madubi yana rubutu a littafi, ba wanda zai tsaya jin sunan tsuntsu a bakinsa. A Masar, a 2013, farar shamuwa sukutum aka kai ofishin 'yan sanda a yankin Kina saboda na'urar bin sawu da masu bincike suka ɗaura mata, ana zaton leƙen asiri take yi. In tsuntsu bai tsira daga zargi ba, ina ga ɗan gudun hijira? Kallo daga tsakar gida, daga gona, daga bakin rijiya ya wadatar a yanzu. Masu komawa Jazira da Sinnar kuma ka ja musu kunne kan kutsawa cikin dajin da aka yi faɗa, don akwai abin da bai fashe ba a kwance. Gandun dajin Dandar na nan, tun 1935 aka keɓe shi, ba zai gudu ba, in ƙasa ta lafa kwa je. Sannan kada a riƙa faɗin takamaiman wurin da aka ga sheƙar gauraka, ko tuji, ko shaho a cikin taro. Ba kowa ke saurare don sha'awa ba, akwai masu kamawa su sayar. Kada ka naɗi muryar kowa sai da izininsa, kuma in hira ta karkata zuwa wa ke da gaskiya a yaƙi, mataimakinka ya dawo da ita.

Maganar Yaya ita ce mai nauyi, kuma ba zan ce maka bai da hujja ba. Mutum ne da gidansa ya cika da baƙin dole, yana auna kwanon dawa da ido, sai ya ji ƙaninsa mai digiri yana hira da waya kan fiffike. Ina jin ba tsuntsun ne ya ƙona masa rai ba, kalmar da ya faɗa ita ce data. Tambayi kanka daga aljihun wa take fita. In daga nasa ne, ko daga kuɗin cefane, to yana da iko ya yi magana, kuma gyaran mai sauƙi ne: ƙungiya ce ta nemi ka yi mata aiki, ita za ta ɗauki nauyin datar, 'yan Jidda ba za su gaza wannan ba in ka faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ka duba rabonka na aikin gida. In kana fita neman na kai, kana ɗebo ruwa, kana ba da rana ɗaya a takiyyar unguwa inda ake dafa wa 'yan gudun hijira, awa ɗaya a wata ba za ta tsaya wa kowa a wuya ba. Kada ka yi masa gardama, kada ka jawo masa aya ko labarin alhudahuda don ka ci nasara a kansa. Ka ce "na ji, Yaya", ka gyara abin da ke gyaruwa.

Amma kunya, a'a. Ban ga abin kunya ba a ce mutanen da yaƙi ya watsa gari huɗu sun samu dare ɗaya a wata da za su ji muryar juna a kan wani abu da ba ta'aziyya ba. Kuma in ƙungiyarku ta kai matsayin da na Damazin zai ce "jan baki ya kafa sheƙa a wajenmu", na Gadarif ya ji da wuri ya gaya wa maƙwabtan gonarsa, a kuma sanar da ofishin kare amfanin gona, to wannan aiki ne da ya shafi kwanon dawar da Yaya ke aunawa. Ba kai za ka gaya masa haka ba, zai fi shiga kunnensa daga bakin manomi sa'ansa ko wanda ya girme shi.

Ka ba kanka zama uku a sabon tsarin: jan baki tare da Alhaji, farar shamuwa da labarin mashi, sannan shamuwarmu, wadda ya kamata ka saita ta gab da faɗuwar damina, ka roƙi kowa ya rubuta ranar da ya fara ganinta a garin da yake. In bayan ukun nan har yanzu gabanka na faɗuwa duk lokacin da wata ya zagayo, ba dole sai kai ne mai magana ba. Ka koma mai shirya hotuna da kuka da bayanai, ka miƙa makirufo ga wanda bakinsa ya fi naka sakewa, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin garuruwan.

Kawu.